Gidan da Hannatu Ta Nuna a Sule Tankarkar

Ina cikin takaba, ban fi kwana hamsin da rasa Malam ba, Hannatu ta shigo gidanmu na Gumel da waya a ɗage a hannu. Manyan 'ya'yan Malam sun shirya sayar da sashen gaba na gidan, mai saye kuwa yana Legas. Ni a lokacin ban san ana iya ɗauko namiji a tafin hannu a shigo da shi tsakar gida ba. Ina zaune a kan tabarma a bakin ƙofata, sai na ji muryar wani ƙato tana cewa, "Wancan ɗakin fa? Matsa in ga cikinsa." Na ɗaga kai na ga fuskar mutum da gemu a cikin gilashin waya, idonsa yana yawo a gidan mijina.

Hannatu ba ta san ni ba a ranar. Amma tana ganin yadda nake zaune, ba lalle ba kwalli, sai ta ja gefen hijabinta ta rufe wayar ruf. Ta ce, "Alhaji, nan ɗakin mai takaba ne. Ba ya cikin ciniki, ba ya cikin kallo." Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, mutumin yana ta magana a ƙarƙashin hijabi kamar kaza a akurki. Ba ta buɗe shi ba sai da ta koma zaure. Abin ƙarami ne, na sani. Amma tun da Malam ya rasu, ita ce ta fara tambayar abin da ya dace da ni ba tare da ta tambaya ba.

Aka sayar da gaban gidan, aka ja katanga, aka bar mini ɗaki biyu da ɗan fili. Hannatu ta riƙa leƙo ni, tana kirana Yaya Mero, har muka saba.

'Yar Sule Tankarkar ce, aure ya kawo ta Gumel, gidan Malam Abdulrauf malamin firamare. Su biyu ne wurin iyayensu, ita da yayanta da ke tuƙin motar wani a Maigatari. Da dillancin atamfa da kwanuka ta fara, gida-gida, ƙunshi a ka. Yadda ta koma kan gidaje kuwa ba wani dogon labari ba ne. Mutanenmu da ke neman abinci a Legas da Fatakwal da Agadas suna son gida a garinsu, ba sa iya zuwa su gani. Dillalai maza kuwa iyakarsu zaure, domin gidan da mata ke ciki ba a shiga. Sai wani dillali da ake kira Dogo ya roƙe ta ta shiga masa wani gida da wayarsa, mai saye yana kallo daga can. Ta shiga sau ɗaya, ta shiga sau biyu, ta sayi tata wayar.

Tana da ƙa'idojinta, kuma ba ta sassautawa. Daga bakin layi take fara kiran, ta nuna masallaci, ta nuna famfo, ta nuna inda kwata ke bi. A ƙofar gida sai ta sa mai saye ya yi sallama da bakinsa daga cikin waya, ta jira matan gida su yi lulluɓi. Sannan abin da ya fi ba Dogo haushi, ba ta ɓoye aibi. Za ta kai wayar jikin azara ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Ka ji? Gara ta ci wannan." Ta tsuguna ta nuna gindin katanga inda damshi ya hau. Dogo yana waje yana jiyo ta, in ta fito ya ce, "Hajiya, ke dillaliya ce ko mai shaidar ƙara?" Ta ce, "Kai dai ka ci la'adarka da bismilla, Dogo, tsawonka ba zai kai ka ga abin da na gani ba."

Mijinta ya yarda da sana'ar, sharaɗinsa ɗaya, in za ta bar gari ta tafi da babbar mace. Bayan na fita takaba sai na zama ni ce babbar macen. Ni ke riƙe mata jaka da batirin ƙari. Mun je Gagarawa, mun je Ɗanzomo, mun je Maigatari inda sabis ɗin Nijar ke shigo wa waya ya hana ta aiki. Na ga cikin gidaje da yawa, na ga yadda mace ke bin bangon ɗakinta da ido in ana nuna shi ga baƙo.

Bayan girbin bara ne Dogo ya kira ta. Ya ce akwai gida a Sule Tankarkar, mai shi yana Maigatari, akwai wata tsohuwa a ciki amma an gama magana za ta tashi. Mai saye Alhaji Mannir ne, ɗan yankin da ke fataucin shanu a Fatakwal, kuma da hantsi kawai yake da sarari. Hannatu ta yi murna. Ta ce, "Yaya Mero, garinmu za mu. In mun gama aiki sai mu je ki ga Inna." Ta sayi goro da sukari da ɗan sabulu ta zuba a jakar da nake riƙewa. Dogo bai san ko 'yar ina ce ba, shi dai Hajiya Hannatu ta Gumel ya sani.

Muka sauka a tasha, Dogo yana gaba da dogayen ƙafafunsa, muna biye. Da muka sha kwanar wani masallaci sai ya ce, "Layin ke nan, kira shi." Ta kira, fuskar Alhaji ta fito, hayaniyar kasuwar shanu tana tashi a bayansa. Hannatu tana tafe tana dariya.

"Alhaji, ka yi sa'a, wannan layin a cikinsa na yi rarrafe. Ga masallaci, liman ba ya ja da tsawo. Ga famfo can, yana kawo ruwa in ya ga dama. Kwata ta gabas take bi, ba ta kwanciya."

Dogo ya tsaya a ƙofar wani gida mai zauren ƙasa da tsohon kyauren kwano, kurna ta leƙo ta saman katanga. Ya nuna da haɓa. Hannatu ta wuce shi da taku biyu, ta waiwayo.

"Mu je mana, Dogo."

"Mun zo ai. Nan ne."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Bakinta ya buɗe bai rufu ba. Hannun da ke riƙe da waya ya sauko a hankali har Alhaji ya ce, "Hajiya, ƙasa nake gani." Ta ce da Dogo, "Wa ya ba ka gidan nan?" Ya ce, "Wani direba, Ubale. Takarda a hannunsa, har da sa hannun mai unguwa."

Na san sunan, yayan Hannatu ne, na kuma san takardar, domin ta taɓa ba ni labari tana alfahari. Lokacin da mahaifinsu ya rasu, ita da kanta ta ce a gaban mai unguwa ta bar wa Yaya rabonta, don kada a yanka gidan a takura wa Inna. Inna ma ta ce tumuninta na gadon yana hannunsa. Haka 'yan'uwa mata da yawa ke yi a wajenmu, ana yaba musu.

Na ce a hankali, "Hannatu, kashe wayar." Ba ta ko dube ni ba. Ta ɗaga hannun ta ce, "Alhaji, yi sallama."

Ya yi. Daga ciki wata siririyar murya ta amsa.

Inna Yelwa tana zaune a gindin kurna tana ɓarar gyaɗa a faifai, gyale a kanta tun kafin a ce ta yi lulluɓi. Ta dubi 'yarta, ta dubi wayar da ke ɗage. Na zaci za ta yi salati, ko ta tambayi abin da ke faruwa. Sai kawai ta ce, "Ashe ke suka turo."

Wannan kalma ta fi ta Dogo dukan Hannatu. Ta ce, "Inna, kin sani?"

"Yi aikinki, mutum yana jira."

Wallahi ta yi. Ina bayanta, ta bi gidan kamar yadda take bin kowane gida. Ta nuna zaure ta ce azara uku sun tsufa. Ta nuna rijiya ta ce gaba ashirin ce, ruwanta da ɗan gishiri. Ta nuna rumbu, ta nuna madafi, ta nuna ɗakin mahaifinta da ke yoyo ta kusurwar yamma. Alhaji yana cewa, "Ba komai, duk rushewa zan yi." Da ta ɗaga labulen ɗakin Inna sai muka ga bango fayau. An sauke jeren kwanukan nan na tun aure, an ɗaure su cikin tsofaffin zannuwa, ƙunshi huɗu a bayan ƙofa. Gadon ma an kwance shi. Tabarma ce kawai da buta da carbi.

Alhaji ya ce, "To madalla. An ce ba kya ɓoye aibi. Saura me?"

Ta juya ta koma gindin kurna. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri," sannan ta juya wayar.

"Saura wannan, Alhaji. Sunanta Yelwa. Shekararta hamsin da biyu a ɗakin da ka gani. A cikinsa ta haifi wanda ya sa gidan a kasuwa, a cikinsa ta haife ni. Ban san gidanmu zan nuna maka ba sai da na tsaya a ƙofa. Ka gani da idonka, in ka saya ka san abin da ka saya."

Ta cikin wayar na jiyo kukan shanu daga Fatakwal. Sai Alhaji ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ya ce, "Inna lillahi. Baba, ina kwana? Ki gafarce ni, na shigo miki gida ban sani ba." Inna ta amsa gaisuwar kamar ta maƙwabci, har da tambayar iyali. Ya ce, "Hajiya, ki gaya wa Dogo na janye." Wayar ta yi duhu.

Hannatu ta miƙo mini ita. Ta zauna kusa da faifan gyaɗa. Ta ce, "Inna, wata nawa da kika sani?" Inna ta ce tun kafin damina. "Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Inna ta ci gaba da ɓara. Ta ce, "Wancan ya gaji da tuƙin motar mutane, yana son tasa. Ya ce zai kai ni wurinsa." Wancan take ce masa, ɗan fari ne, ga shi sunan surukinta gare shi. Hannatu ta ce, "Ɗaki biyu yake haya, da 'ya'ya bakwai! Kina da haƙƙi a gidan nan, Inna. Tashi mu je wurin alƙali." Tsohuwar ta ɗago ta dube ta. "Ni da ban taɓa kama sunansa ba, a gaban alƙali zan fara?"

A mota Dogo ya yi ta rantsuwa bai sani ba, kuma na yarda da shi, har zufa yake yi. Hannatu ta kira yayanta tun muna hanya. Abin da na jiyo ya ce shi ne, "Ke da bakinki kika bar mini." Ta ce, "Don Inna na bar maka." Ya ce, "Ai ba a rubuta haka ba."

Janyewar Alhaji Mannir ba ta ceci gidan ba. Bayan mako uku wani dillalin ya hau kan babur ya miƙa waya ta saman katanga, ba sallama, wani mai sayen ya gani ya ce ya yi masa. Aka ba Inna zuwa ƙarshen wata. Malam Abdulrauf, Allah Ya saka masa, ya je har Sule Tankarkar ya durƙusa ya roƙe ta ta dawo gidansa. Ta rufe fuska da gyale ta ce ba za ta kwana a gidan suruki ba, ko da a tasha za ta kwana. Hannatu ta yi kwana goma ba ta ɗauki waya ba. Ta rame. Masu saye suna kira daga ko'ina, tana kallon wayar kamar wani abu mai cizo.

Yanzu ta koma aiki, sai dai ta ƙara ƙa'ida ɗaya. Kafin ta kira kowa sai ta shiga ita kaɗai, waya a jaka, ta tambayi matan gidan ko sun sani, da inda za su. Inna Yelwa kuwa, yanzu haka ina jiyo tarinta ta bayan bangon nan, ta jera kwanukanta sun cika gefe guda. Yadda aka yi ta zo shi ne, saura kwana huɗu wa'adin ya cika, ina shara da safe, Hannatu ta yi sallama. Ba waya a hannunta. Ta tsaya ta daɗe tana duban ɗakina na biyu, wanda ba kowa a ciki tun da 'yata ta yi aure. Sannan ta durƙusa a daidai inda ta durƙusa ranar farko.

Ta ce, "Yaya Mero, ƙofar ɗakin nan gabas take kallo, kamar ta Inna. Don Allah ki je da kanki ki ɗauko ta. Kada ki ce ni na roƙa. Ki ce mata kaɗaici ya dame ki, kina son wadda za ku riƙa yin sallar asuba tare."