Tsutsar Goggo ta Belbeji

Asuba ba ta gama wayewa ba muka bar Tanout, ni da wani maƙwabcina mai fataucin kanwa, kowa bisa jakinsa. Shi kasuwa ta fito da shi. Ni kuwa 'ya'yan zabina ne ke mutuwa. Fararen zabi ne, irin da na gada wurin mahaifina, annoba ta kwashe manyan, sai ƙwan da na sa wa kaza ta ƙyanƙyashe bana. Ina ba su tsutsar da nake kiwo cikin tulu, suna ci, amma ƙafafunsu na lanƙwashewa. Na bar wa mai ɗakina sauran, na ɗebi tsutsar a gora, na nufi Belbeji wurin ƙanwar mahaifina, wadda ta tsufa cikin kiwon zabi.

Damina ta yi kyau, gero ya kai ƙirji, ƙarangiya kuma ta fara cin mutuncin wandona. Mun wuce mutanen da Nasara ya sa gyaran hanya, mun sha nono a rugar Fulani, ƙwarya da ƙwaryar hatsi, don ba su yarda da tamma, kuɗin Nasara, ba. Wani Buzu ya ba mu cuku, ya ce in buɗe gorar ya ga guzurina. Da ya leƙa sai ya ja rawani ya rufe hanci, bai ƙara yi mini magana ba.

Goggo ta karɓe ni da fura. Bayan gaisuwa na juye mata gorar a faifai. Ta ɗauki tsutsa ɗaya ta matse, ba komai sai fata.

"Ɗan nan, a kan me suke kwana?"

"Ƙaiƙayi, Goggo. Mai tsabta, da ɗan toka saboda kiyashi."

"Ka yi musu shimfiɗa kamar awaki. Ita tsutsa shimfiɗarta take ci. Ka ba ta ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ka ba zabinka."

Raina ya ɓaci, don na sha wahalar tankaɗe ƙaiƙayin nan. Amma da ta buɗe tulunanta sai na leƙa ciki. Dusar gero ce da dakakken ƙuli-ƙuli da garin ɓawon ƙwai, tsutsa a ciki ɓul-ɓul. Ba ta yayyafa ruwa, domin jiƙaƙƙiyar dusa funfuna take, ta kashe tsuntsu. Ɓawon guna take ɗorawa su tsotsa, ta cire kafin ya ruɓe. Ta cika mini gora biyu.

Ban jira maƙwabcina ya gama ciniki ba. Na kamo hanya, jaki na gunaguni, ni ina lissafin abin da zan tarar. Na tarar biyu sun mutu, sauran na kwance.

Ranar na zubar da ƙaiƙayin, na haɗa dusa yadda na gani. Kafin gero ya fid da kai, ƙafafu sun miƙe. Na koyi cewa mai kiwo ba bakin dabbarsa kaɗai zai duba ba, har da abin da abincinta ya ci.

Jiya da hantsi mai ɗakina ta fito tana faɗa, wai zabina sun haye danga sun shiga gonar liman. Na tafi ba da haƙuri, amma wallahi dariya nake yi tun daga ƙofar gida.