Ruwan da Rana Ta Dafa

A gidan da na taso a unguwar Aboabo ta Kumasi, kowane iyali ɗaki ɗaya gare su, amma tsakar gida ta kowa ce. Dagomba ne a ɗakin bakin ƙofa, Mossi a na ƙurya, mu kuma a tsakiya tare da kakarmu, wadda duk gidan har masu furfura suke kira Mma Tsohuwa. Gyaɗa take soyawa ta sayar. Bayan sallar isha'i sai ta jawo kurfotinta, murhun gawayi, ƙarƙashin rumfar kwano, ta ɗora kasko da yashi, mu yara mu kewaye ta muna ɓare gyaɗar gobe. Rabin abin da muke ɓarewa a bakinmu yake ƙarewa. Ta sani sarai. Iyakarta ta dube ni ta ce, "Rabi, kumatun nan naki me suke taunawa tun ɗazu?"

Ruwan wankanmu ba a ɗora shi a wuta, don gawayi na sana'a ne. Wani baƙin baho gare ta na roba, da safe ta cika shi ta ajiye inda rana ta fi daɗewa. Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi mai daɗi. Amma wanda ya zauna Kumasi ya san watan Agusta. Sama takan rufe kamar an kife ƙwarya, yayyafi ya wuni yana sauka, sanyi ya shiga ƙashi. Wata yamma irin wannan ƙanena Muntari ya tsoma yatsa a bahon, ya kwasa da gudu tsirara yana zagaye gidan, yana ihu da Hausa da Tonanci, yaren Asante, wai za a kashe shi. Sai da mata uku suka taru kafin a kama shi. A daren nan yana zaune yana kumbure-kumbure, Mma Tsohuwa ta ce, "Ku matso, wata baƙuwa na tafe." Haka take buɗe tatsuniya. Muka amsa yadda ta koya mana, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Ta ce a wani gari an yi wata mata mai suna Ladi, wadda ta gaji da zuwa itace. Kullum wuyanta na ciwo, idonta na hawaye saboda hayaƙi. Ran nan ta zauna a gindin bango tana ƙorafi, sai Rana ta leƙo ta ce mata, "Baiwar Allah, in dai ruwan zafi ne, ni zan dafa miki, ba na cin itace, ba na hayaƙi. Ki nemo baƙar tukunya, ki ajiye mini da safe, ki yi haƙuri har yamma. Abu ɗaya ne kawai: ina da uwa a bayan gajimare, duk shekara nakan je gaishe ta, kuma ba na sallama in zan tafi."

In Mma Tsohuwa za ta yi muryar Rana, sai ta miƙe wuya ta lumshe ido, tana jan magana kamar Hajiyar da ta dawo daga Makka jiya. In ta zo kan Wuta kuwa, sai ta ƙanƙance murya tana sauri kamar mai talla a kasuwar Kejetiya. Mukan yi dariya har gyaɗa ta sarƙe mu.

Ladi ta ji daɗin duniya. Wuyanta ya warke, tarinta ya tafi, zannuwanta suka daina warin hayaƙi, har ta samu lokacin yin kitso. Da ta ga haka sai ta je wurin murhunta ta ce wa Wuta ta tattara ta bar gidan. Wuta ta ce, "Ni fa da ci, na yarda, amma ko tsakar dare kika kira ni ina zuwa!" Ladi ta watsa mata ruwa, ta kwashe duwatsun murhu ta zubar a bayan gida. Ba a daɗe ba 'yarta ta haihu, kuma a ranar ce Rana ta tafi ganin uwarta. Ga mai jego tana rawar ɗari, ga jariri, ga baƙar tukunya da ruwa kamar na rijiya. Ladi ta fita cikin yayyafi ta tsaya a ƙofar maƙwabciyarta, kunya ta hana ta sallama. Maƙwabciyar ta hango ta, ba ta tambaye ta komai ba, ta ɗebo garwashi a kasko ta miƙa mata, ta biyo ta da ɗaurin itace a ka.

"Na sauke ta nan," in ji Mma Tsohuwa, tana juya gyaɗa. Muntari ya yi tsalle ya ce Wuta ce ta yi nasara. Ni na ce Rana ce, tunda ta faɗi gaskiya tun farko. Muka yi ta musu har muka koma kanta mu ji hukunci. Sai ta ce, "Ni mai gyaɗa ce, ba alƙali ba. Ku je ku kwanta."

Shekaru sun tafi, Mma Tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya. Na yi aure, na kama ɗinki, ni da maigidana Malam Isiyaka muka yi ta lallaɓawa har muka gina ɗan gidanmu a Buokrom. Da ya zo mini da zancen sa sola ta dumama ruwa a kan rufi, sai da muka yi dogon tunani, don kuɗin sayenta da na ɗorawa ba wasa ba ne, mun daɗe muna tarawa. Amma ranar da na murɗa famfo ruwa ya fito yana tururi, ba gawayi, ba hayaƙi, ba fifita, sai na tsaya ina dariya ni kaɗai a banɗaki. Ko an ɗauke wuta, irin dumso ɗin nan da ya addabe mu, ruwanmu na nan da zafinsa. Katin lantarki ya koma daɗewa. Malam ya samu ruwan alwala mai ɗumi da asuba, gwiwoyinsa suka yi sauƙi.

Ita ma solar tana da nata halin dai. In yara suka rigaye ka da yamma suka ƙarar da tanki, da safe sai ka haƙura. Sau ɗaya ƙwallon yaran unguwa ta fasa ɗaya daga cikin bututan gilashin da ke jikinta, muka yi ta jiran mai gyara. A watan Maris kuwa zafin ruwan yakan wuce misali, sai an sirka, in ba haka ba ya sale fata. Duk da haka na saki jiki, har babbar tukunyata da kurfoti na ba ƙanwata, tunda zaman banza suke yi.

Sai ga 'yata Hamdiya ta dawo gida haihuwar fari. Allah ya sauke ta lafiya, namiji, a tsakiyar Agusta. Washegarin da muka dawo daga asibiti na tashi da asuba in haɗa mata ruwan wankan jego, na murɗa famfo, na tara hannu. Ruwan ko ɗumin hawaye bai kai ba. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Akwai waya a cikin tankin da ke taimakawa da lantarki, amma an ɗauke wuta tun daren jiya. Hamdiya na zaune a bakin gado ta ƙudundune cikin zane, ta ce, "Mma, ruwan ya yi?" Na ce mata ina zuwa.

Na fita bayan gida ban ma san me zan yi ba. Sai na ji ƙamshin hayaƙi ta kan katanga. Maƙwabciyata ce Anti Akosuwa, 'yar Asante mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, wadda murhunta ba ya mutuwa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu a da. Na leƙa na fara kame-kame, ban kai ƙarshe ba ta ɗaga hannu ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Hajiya, jariri ya zo, ruwa babu zafi, na sani. Kawo bokiti." Ta sauke tukunyar sana'arta ta ɗora ruwa. Tun daga ranar, kullum asuba da yamma bokiti na tsallake katanga yana tururi, har sama ta washe. Ranar suna ita ce a gaba wajen rabon abinci, ta ɗaura kallabi irin namu, mata na ta tsokanarta tana ramawa.

Muna yara mun ɗauka labarin gasa ce tsakanin Rana da Wuta, shi ya sa muka nemi a faɗa mana gwani. Sai da na tsaya a gindin katangar nan da bokiti a hannu na gane cewa ba a kansu tsohuwar take magana ba. Kowaccensu na da ranar da take amfani da ranar da ba ta nan, kuma duk abin da ka ɗora a kan rufinka haka yake. Wadda ba mu kula da ita ba a labarin ita ce matar da ta miƙo garwashi ba tare da tambaya ba.

Na sayi sabon kurfoti na ajiye. Sannan na sa aka jawo bututu daga tankin aka kafa famfo a jikin katanga ta ɓangaren Anti Akosuwa, don in rani ya yi ruwan zafin ya fi ƙarfinmu. Da shi take wanke tukwanenta yanzu. Ta ce ba za ta sha kyauta ba, na ce ni ma ban biya kowa ba. Mun yi wannan musun ta kan katanga har mun gaji, ba wadda ta sauko. Shi ya sa duk yamma ɗauri biyu na dokunu da barkono suke bayyana a kan tagata, jikana kuma, da ya fara tafiya, ya riga kowa sanin lokacin.