Maganin da Na Ɓoye wa Baba

Da hantar Baba ta lalace, likita ta rubuta masa wani magani mai zaƙi, ta ce ya sha kullum. Maganin yana sa shi zawo, alwalarsa ba ta tsayawa. Wata rana ya dawo daga masallacinmu na Gyaɗi-Gyaɗi tun ba a idar da salla ba, yana tattare bayan rigarsa.

"'Yar nan, ki raba ni da abin nan," ya ce. "Kunyar ta ishe ni."

Na tausaya masa, na ɓoye kwalbar.

Bayan kwana huɗu ya koma yini yana barci, hannuwansa suna karkarwa. Da na kai masa koko ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

A asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ta duba sakamakon ta ce guba ce ta taru ta hau masa kai, kuma zawon ne yake fitar da ita.

"Yana shan maganin kuwa?"

Na ce ni na hana.

Ta ce ciwon dama ya yi nisa, kada in ɗora wa kaina. Na ji ta, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Baba ya rasu bayan kwana tara, bai sake kiran sunana ba.