Hannuwan Iya Hansai

Duk wanda ya zauna a Unguwar Shanu wajen shekara ta 1955 ya san kakata Iya Hansai, ko dai don ƙuli-ƙulinta ko don marinta. Ni Safara'u na ci duka biyun har na ƙoshi. Gajeruwa ce, ga damtse kamar na maƙeri, kuma Allah bai hore mata magana a hankali ba. Ko gaisuwa take amsawa sai ka ɗauka faɗa ne.

Sana'ar ta gada ne wurin uwarta a Rigachikun. 'Yarta tilo, wato mahaifiyata, ta rasu wajen haihuwar ƙanena Husaini. Babanmu Muhammadu kuwa tela ne, kullum yana kasuwa. Ni kaɗai na rage da za ta miƙa wa abin, ta kuma sani, shi ya sa take koya mini kamar mai ramuwar gayya. In na bar gyaɗa ta ƙone a kasko, muciya a gadon baya. In na bar ɓawo a faifai, ranƙwashi. In citta ta fi barkono yawa, sai ta murɗe mini kunne har in ga taurari da rana tsaka.

Abu ɗaya ne ba ta yarda in taɓa ba, shi ne matsar mai. Bayan an niƙa gyaɗa an zuba a turmi, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya tsatso. In ruwa ya gaza, mai ya ƙi fita. In ya zarce, tunkuza ta caɓe, aikin yini ya tafi a banza. Iya ba ta da ma'auni, hannu take tsomawa ta ji.

"Iya, yaushe za ki bari in gwada?"

"Ke da Allah rufe mini baki! Hannun naki da ko tuwo bai iya kwashewa ba?"

Ranar wata Alhamis da hantsi muna tsakar gida, mai yana tafasa a babban kasko, ina mulmula ƙuli, Husaini yana zaune kusa da danga yana lasar tunkuza. Lokacin bai fi shekara uku ba. Sai muka ji ihu daga wajen mahauta. Ashe wani bijimi suka kayar, wuƙa ta fara shiga wuyansa, igiya ta tsinke.

Ban ga zuwansa ba, ƙarar karyewar danga kawai na ji. Ga shi tsaye cikin gidanmu, wuya a ɓarke, jini na tsartuwa, yana huci ta hanci da ta raunin. Ya tattake kajinmu biyu, ya juya kan Husaini. 

Iya ta suri taɓarya ta maka masa a tsakanin ƙaho. Taɓaryar ta rabe biyu. Ya sunkuyar da kai ya ɗebe ta, ya yi jifa da ita kan turmi, ƙaho ya yage mata cinya. Na ji ƙashin haƙarƙarinta ya yi ƙas. Bijimin ya sake juyawa wajen yaron, yana tonon ƙasa da kofato.

Har yau ban san yadda ta tashi ba. Ta ja ƙafa ta isa murhu, babu tsumma babu komai, ta rungumi kaskon nan da hannu biyu, mai yana zuba a yatsunta, ta watsa masa a fuska. Kukan da dabbar nan ta yi, da ƙaurin gashi da na naman mutum, ba su bar ni ba har tsufana. Ya makance, ya dinga kai karo, ya rushe mana madafa. Mahauta suka shigo da gudu, ɗaya ya sare masa agara, suka danne shi suka ƙarasa yankan nan tsakar gidanmu. Jini ya gangara ya haɗu da mai.

Husaini ko ƙwarzane bai yi ba. Iya tana kwance, fatar tafin hannunta a manne jikin kasko.

Ta yi watanni a asibiti. Cinya ta warke, haƙarƙari ya ɗinke, amma yatsun suka ƙanƙance suka lanƙwashe, ba ta jin zafi ko sanyi da su. Ma'aunin gidanmu ya ƙone ke nan, ba a ba ni ba. Babanmu ya ce a haƙura da sana'ar. Ta yi masa kallo ɗaya, ya fita ya auno gyaɗa.

Na soya, na sheƙe, na niƙa. Da aka zo matsa na kwarara ruwa, tunkuza ta caɓe. Iya ta ɗaga hannu za ta kwaɗa mini mari, na runtse ido ina jira. Shiru. Da na buɗe, sai na ga tana kallon hannun, ya ƙi buɗewa.

Washegari ta sa aka jawo mata kujera gindin turmi.

"Tsoma hannunki. Me kika ji?"

"Tana kama mini yatsu, Iya."

"Ɗiga ruwa. Kaɗan, don ubanki! Juya. Yanzu fa?"

"Ta fara saki. Tana santsi."

"Tsaya nan. Kada ki ƙara ko ɗigo. Riƙe wannan a hannunki, ni nawa ya tafi."

Na ci gaba da juyawa, sai ga mai yana tasowa, ja garau, ƙamshi ya cika gida. Iya ta sunkuya ta dangwala da dunƙulallen hannun nan da ba ya jin komai, ta shafa mini a kumatu, daidai inda ta saba marina.

Duk dukan da na sha wurinta ban taɓa kuka a gabanta ba, don taurin kai. Ran nan na yi har da majina, tana zagina wai zan zuba mata hawaye a mai.