Karyar da Take Dawowa

In damina ta yi nisa, hazo ya kwanta kan duwatsun da ke bayan Titin Bauchi, har yau sai in ji kamar ana busa usur can nesa, in ga dogayen kunnuwan kare suna lilo cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Babanmu tela ne, amma Asabar ɗinsa ta dutse ce. Da can fakara yake harbi. Daga baya ya rataye bindigar, ya ce shi tashinsu kawai yake zuwa ji, wannan firrr ɗin da suke yi in kare ya tayar da su. Idonsa ne ya fara rauni, ya ƙi faɗa. Ni babbar 'yarsa, ni nake zura masa zare a allura, ni kuma nake tuƙa shi zuwa gindin dutsen, don haka na sani. Mama ta ce ya haƙura da hawan nan. Ni na fi ta zafi, na ce masa, "Baba, ranar da ka kasa dawowa mota da kanka, ranar an gama." Ya wuni yana shan kunu, ni ma na sha nawa.

Abokin yawonsa wani dattijo ne daga kudu maso gabas, mai shagon maganin dabbobi a Anguwan Rukuba. Yana da karnuka biyu irin na Turawa, waɗanda ake horarwa su tayar da tsuntsu su ɗauko shi ba tare da sun tauna ba. Namijin dogo ne, fari da ja, irin da yake kira sifiringa. Macen guntuwa ce baƙa, irin da yake kira koka. A shekarar ya yanke shawarar komawa garinsu, ya ce wa Baba, "Alhaji, ɗaya zan tafi da shi, ɗaya naka ne. Ka zaɓa."

Ni a wurina babu abin zaɓe. Dogon nan ɗan halak ne. Abu sau ɗaya ake nuna masa. Ya yi nisa, ya zaga fili, a busa usur ya tsaya cak, ya juyo yana kallon hannun mai shi ya ga inda za a nuna masa. Ka yi masa tsawa, ya kaɗa wutsiya ya manta. Ita kuwa guntuwar, kai, rawar kai ce zalla. Ba ta nisa, sai kutsawa cikin sarƙaƙiya ta fito da ƙaya a kunne. Ka ɗaga mata murya, ta kwanta ta juya maka baya kamar amaryar da aka ɓata wa rai. Dattijon ya ce ya sha wahala kafin ta koyi zama. Abin da ya fi ba ni haushi, ba ta jimawa sai ta rugo ta dunguri ƙafar mutum da jiƙaƙƙen hancinta, ta koma. Na tsani wannan ɗabi'a. Mutum mai sallah, kare yana goga masa hanci a wando?

Asabar ta ƙarshe muka hau tare. Hazo ya yi kauri, duwatsu suna fitowa suna ɓacewa, ƙanshin ƙasa da ciyawa ya cika ko'ina, sanyi yana shiga ta hannun riga. Dattijon ya miƙa wa Baba usur. Dogon ya tafi kamar iska, fakara suka tashi, Baba ya yi murmushi ya busa. Karen ya tsaya kan wani falalen dutse ta hagu, yana jiran hannu.

Baba ya ɗaga hannu. Amma dama ya fuskanta, inda babu komai sai hazo. Ya nuna, ya sake nunawa. Karen yana can yana jira, da ladabinsa. Na dubi dattijon, ya sunkuyar da kai. Na tuna maganar da na faɗa, kuma ga ranar ta zo.

Sai ga guntuwar ta fito daga ciyawa ta dunguri ƙaurinsa. Ya sauke hannu, ya juyo inda take. Ta yi gaba kaɗan, ta dawo, ta sake dungurarsa. Da dattijon ya ba ta umarnin a koma gida, ta nufi gangare, Baba ya bi ta a hankali, tana zuwa tana dawowa, har ya dafa bayan motar. Ban kama hannunsa ba ko sau ɗaya.

Ya tsaya yana mayar da numfashi, ya ce, "Oga, bar mini guntuwar."

"Alhaji, dogon ya fi jin magana."

"Na sani. Wancan mai ido yake nema."

Wannan ne karon farko da ya faɗa da bakinsa. Ya juyo wajena yana jira. Na buɗe masa ƙofa, na shimfiɗa wa karyar buhu a baya, na ce, "Sai dai a ware wando ɗaya na dutse, Baba. Ni zan riƙa wankewa."

Mun yi mata ɗaki a bayan gida. Wandon nan kuwa na wanke shi har gwiwoyinsa suka yi fari, kullum da tabon hancinta a ƙaurin hagu.