Yadda Hedimasta Mainasara Ya Zama Shugaban Masu Ƙararsa

Malam Mainasara ɗan garin Shagari ne, amma a Boɗinga ya yi hedimasta, zamanin Turawa, a wata makarantar En'e mai malamai uku. Shi da bakinsa yakan ce ba ilimi ne ya riƙe masa makarantar ba, dabara ce. In yana son a kai ɗalibai ban ruwa a lambunsa na albasa da sunan darasin noma, sai ya kira malamai ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa kowa sauran sun riga sun yarda.

Ana nan sai ƙungiyar malamai ta iso ƙasar Sakkwato. Wata safiya malaman suka shigo ofis tare, Malam Ɗantani mai koyar da lissafi a gaba.

"Ranka shi daɗe, shawara munka yi," in ji Ɗantani. "Daga yau ba mu kai yara lambu. Magana kuma tare za a riƙa yi da mu."

Baki ya riga ya saba. Mainasara ya ce, "Ai Malam Bala ya yarda tun jiya."

Bala kuwa yana tsaye a gabansa. Ya ce, "Ni, Malam? Yaushe?"

Washegari Mainasara ya hau keke sai Sakkwato, zai kai ƙara wurin Baturen makarantu. Ya tarar Bature ya fita rangadi. Wani masinja da ya ji ya ambaci ƙungiya ya raka shi wani zaure, ashe taronta ake yi. Da malaman da ke taron suka ga hedimasta ya tako keke tun daga Boɗinga, gumi sharkaf, sai tafi ya ɓarke. Aka ce ga dattijo mai kishin malamai. Kafin ya gyara murya an naɗa shi shugaban reshen Boɗinga.

Ya so ya musa. Amma tunda yake ba a taɓa yi masa tafi ba, sai ya ji kansa yana godiya.

Da ya koma gida ya ba matarsa Uwani labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. "To yanzu in hedimasta ya matsa musu, wurin wa za su kai kuka?"

"Wurina," in ji shi.

Haka kuwa aka yi. Malamai sukan zo da kokensu, ya saurara a matsayin shugaba, ya girgiza kai, ya ce lalle wannan hedimasta bai kyauta ba, zai yi masa magana. Bayan ya yi ritaya ya koma Shagari, yakan ce sau da yawa hedimastan yakan ji, don ba ya son rigima da ƙungiya.