Molon Baba da Rakodar da Ba Ta da Kafar Makirfo

Yayata ta yi shekara shida a Jidda ba ta zo gida ba. Mijinta tela ne kamar ni, can ya buɗe shago suka zauna. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in, damina tana shirin ɗaukewa, wasiƙarta ta iso gidanmu a unguwar Dutse Uku, cikin Jos. Bayan gaisuwa ta ce abu guda take so, a ɗaukar mata muryar Baba a kaset yana kaɗa molonsa, a ba maƙwabcinmu da zai tafi aikin hajji ya kai mata. Ta ce a can kowa kaset ake aiko masa daga gida, ita kaɗai ce ke zaman karanta takarda. Saura kwana goma maƙwabcin ya tashi.

Baba tsohon leburan haƙar kuza ne, a barikin masu haƙar ya koyi molo. Bai taɓa kiɗa don a ba shi wani abu ba. In ya dawo daga sallar la'asar yakan zauna a ƙofar ɗakinsa ya taɓa kaɗan, ya rera waƙoƙin da suke yi a da suna ɗaukar kwanon ƙasa a ka. Da na karanta masa wasiƙar sai ya ce, "Wannan ai ba wani aiki ba ne. Ɗauko akwatin naka."

Akwatin nawa rakoda ce mai haɗe da rediyo, na saye ta a gwanjon kayan wani Bature da zai bar Jos. Ina ji da ita ƙwarai, don nakan ɗauki shirye-shiryen rediyo da ita in riƙa saurare ina ɗinki. Ranar ce na fara juya ta ina neman inda ake magana a ciki. Babu makirfo a jikinta, babu kuma kafar da za a soka shi. Abin da na samu kawai wata kafa ce zagayayya a bayanta, mai ƙananan huji biyar.

Na ɗaure ta a bayan keke na nufi Anguwan Rukuba wurin wani abokina mai gyaran rediyo. Ni nake ɗinka wa mawaƙan cocinsu riguna, a nan muka saba. Ya duba kafar, ya girgiza kai.

"Oga tela, wannan rami ba na makirfo ba ne, na garmaho ne. Shi yana son murya wanda ya ƙoshi. Makirfo muryansa ƙarami ne, ba zai kai ciki ba."

Na ce to yaya za a yi. Ya ce mu fara gwada abu mai sauƙi. Ya ciro ƙaramar lasifika daga wata matacciyar rediyo, ya liƙa mata waya da dalma, ya ce in an yi magana a bakin lasifika takan zama makirfo. Na koma gida da ita a aljihu. Baba ya yi alwala, ya sa farar riga kamar mai shirin ɗaukar hoto, ya yi waƙa guda daga farko har ƙarshe. Na mayar da kaset baya na danna. Sai shuuu kawai muke ji, can ƙasa kuma wani abu kamar kukan sauro.

Baba ya kara kunne ya ce, "Ina nake a ciki?"

Washegari na sake hawa keke. Mai gyara ya ce ba makawa sai an sa amfilifaya a tsakani, ita za ta ƙosar da muryar kafin ta shiga rakoda. Ta cocinsu tana hannunsa, ya yi mata gyara, amma sai na dawo da ita ranar Asabar da safe saboda mawaƙa suna gwaji. Ya haɗa mini da makirfonsu, ya yi mini wayar da za ta shiga kafar nan mai huji biyar. Amfilifayar ta yi nauyin kan keken ɗinki. Na rufe ta da buhu saboda yayyafi, na turo keken da ƙafa har gida, don hawa ba zai yiwu ba.

A wannan karo murya ta fito. Amma tare da ita akwai wani gunji mai kauri da ba ya tsayawa, kamar babbar mota tana tsaye a cikin ɗakin. Na koma Anguwan Rukuba karo na uku. Mai gyara ya ce in sami ƙarfe in kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, in ɗaura waya daga jikin amfilifaya zuwa ƙarfen. Na kafa guntun rodi a bayan ɗakin Baba, na zuro wayar ta taga. Gunjin ya ragu, bai tafi duka ba.

Daga nan aka shiga wahalar da ban zata ba. Makirfo ɗaya ne. In na kai shi bakin Baba, molo ya ɓace. In na sauke shi wajen molo, waƙar ta koma kamar daga maƙwabta ake yin ta. Na ɗinka masa 'yar jaka na rataye shi a jikin azara, ina ɗagawa ina saukewa. In Baba ya ɗaga murya, sai ta fashe a kaset ta zama ƙara. Na ce ya rage. Yana da al'adar buga ƙafa a ƙasa yana kiɗa, bugun yana shiga kamar ana daka, na ce ya daina. Yakan kuma karkata kai gefe in waƙa ta yi masa daɗi, na ce ya tsaya daidai. Ya dube ni ya ce, "Kai, ko a bariki ba a tsare mu haka ba."

Ga ruwa. Kullum da rana ta karkata sai hadari ya haɗu, kwano ya ɗauki ƙara, dole mu dakata. Sanyi yana sa fatar molo ta saki, sai Baba ya tashi ya kai shi bakin murhu ya gasa, ya dawo ya sake ɗaure tsirkiya. Kafin ya gama wani lokaci wuta ta ɗauke, amfilifaya kuwa ba ta aiki da batir. Sai mu zauna muna kallon juna. Shagona yana rufe, masu ɗinki suna zuwa har gida suna sallama, ina fita ina ba su haƙuri.

Kaset biyu gare ni, ina ɗauka ina gogewa. Ranar Alhamis Baba ya yi waƙa ɗaya sau bakwai. A ta uku akuya ta yi kuka, a ta biyar ya yi tari, a ta shida ma ya yi tari, na tsayar na ce a sake. Ban kula da cewa waƙar tana mutuwa a bakinsa ba. Kalmomin suna nan, amma yana faɗinsu kamar mai biya karatu.

Da yammacin ranar wayar ƙarfen ta kwance, na zagaya baya in ɗaure. Ina durƙushe a cikin taɓo sai na ji Baba ya fara taɓa molo shi kaɗai. Wata waƙa ce da ban taɓa jin ya yi ba, a hankali, yana ambaton barikokin da ya zauna da abokan da rami ya rufta da su. Ƙafarsa tana bugawa, muryarsa tana hawa tana sauka yadda ta ga dama. Na daɗe a durƙushe. Sannan na tuna da rakoda, na shigo da sauri na danna jan madanni. Ƙarar dannawar ta sa ya tsaya.

"Baba, ci gaba mana."

"Ta wuce," in ji shi. Ya jingine molon a bango. "Ni fa na gaji, ɗan nan. Ka aika mata abin da ka samu."

Ranar Juma'a bayan masallaci na roƙe shi ya yi sau ɗaya tak, na yi alkawarin ba zan tsayar ba ko me ya faru. Ya yi waƙa biyu, ya gai da Yaya da mijinta da yara, ya sa musu albarka. Da gunjin, da tarin, da sallamar wata mata da ta shigo neman aron turmi, duk suka shiga. Ban ko saurara har ƙarshe ba. Na naɗe kaset ɗin a ƙyalle na kai wa maƙwabci, da safe na tura amfilifaya zuwa Anguwan Rukuba. Mai gyara ya tambaye ni ko ya yi kyau, na ce ya dai yi.

Sai da alhazai suka dawo amsa ta zo. Yaya ta rubuta cewa muryar Baba kamar daga cikin rijiya take fitowa, amma ta ji shi. Sauran takardar duk a kan tarin ne. Ta ce wannan ba tarin mura ba ne, ta saurara sau da yawa, numfashinsa yana yankewa a tsakiyar baiti, da ba haka yake ba. Ta tambaya me muke jira ba mu kai shi asibiti ba. Na zauna da takardar a hannu kunya ta rufe ni. Mako guda na yi ina jin tarin nan, abin da ya dame ni kawai kada ya ɓata mini kaset.

Likita ya ce ƙurar ramin kuza ce ta zauna masa a ƙirji tun da daɗewa, ba a fitar da ita, sai dai a riƙa lallaɓawa. Daga nan muka shiga zaryar asibiti duk bayan mako biyu, mu fita da sassafe cikin sanyi, mu yi layi a kan benci har azahar. Wata rana muna zaune a bencin, yana lulluɓe da bargo, ya juyo ya tambaye ni.

"Wai me ta ce game da waƙar?"

Na ce ba ta ce komai ba, tarin kawai ta yi magana a kai.

Ya juya yana kallon ƙofar likita. Can ya ce, "To in za ka rubuta mata, ka ce ta sake saurara."